John McLendon: Kocin da Ya Kulle Ƙofa Ɗaya Domin a Buɗe Sauran

Da hantsin ranar Lahadi, 12 ga Maris 1944, lokacin da akasarin mutanen birnin Durham na jihar Karolina ta Arewa suke coci, wasu samari fararen fata suka shiga motocin aro, suka bi ta lunguna, suka tsallaka zuwa ɓangaren baƙaƙen fata na garin. Ɗaliban koyon aikin likita ne na Jami'ar Duke, kuma suna da ƙungiyar ƙwallon kwando da ake ji da ita, domin da yawa daga cikinsu sun buga wa manyan jami'o'i wasa kafin su koma karatun likitanci. Da suka isa Kwalejin Baƙaƙen Fata ta Karolina ta Arewa, sai suka lulluɓe kawunansu da rigunansu suka shige zauren wasa. Kocin masu masauki, wani matashi ɗan shekara 28, ya mayar da ƙofa ya kulle. Akwai alƙalin wasa, akwai mai rubuta maki, amma ba a gayyaci ɗan kallo ko ɗaya ba.

Da aka busa usur na tashi, masu masauki suna da maki 88, baƙi suna da 44. Daga nan sai suka cakuɗa 'yan wasan, baƙi da fari a kowane ɓangare, suka sake buga wani wasan. Bayan haka kowa ya kama gabansa ya ja bakinsa ya yi shiru. Wani ɗan jaridar Carolina Times, jaridar baƙaƙen fatan garin, ya samu labari, amma ya amince kada ya buga. Sai da aka shekara 52 kafin duniya ta ji, lokacin da masanin tarihi Scott Ellsworth ya rubuta labarin a mujallar New York Times a 1996.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɓoyo tsoro ne marar tushe. Wata huɗu bayan wasan, a cikin wannan gari na Durham, wani direban bas farar fata ya harbe wani soja baƙar fata mai suna Booker T. Spicely har lahira bayan sun yi sa-in-sa a kan wurin zama. Masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda dukkansu fararen fata ne, suka wanke direban. A irin wannan gari ne aka buga wancan wasa.

Sunan kocin da ya kulle ƙofar John B. McLendon. Tarihin aikinsa ya cancanci a tsaya a kansa, har ga wanda bai taɓa kallon ƙwallon kwando ba, saboda yana nuna yadda mutum zai yi aiki a cikin tsarin da aka gina domin a hana shi, da kuma abin da irin wannan aiki yake jawo wa mai shi. Dabararsa guda ce a cikin fili da wajensa: ya riga abokin hamayya isa wurin, ya kuma ƙwace masa hujja tun kafin ya kafa ta.

Almajirin mai wasan

An haifi McLendon ranar 5 ga Afrilu 1915 a ƙaramin garin Hiawatha na jihar Kansas. Mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa kuma tana da jinin ƙabilar Delaware ta 'yan asalin Amurka. Ta rasu yana ɗan shekara uku a annobar murar 1918, wadda a ƙasar Hausa ake tunawa da ita da sunan marisuwa. Ya yi sakandare a makarantar Sumner ta baƙaƙen fata a Kansas City, inda ya yi ta neman shiga ƙungiyar ƙwallon kwando bai samu ba. Abin da ya rasa a matsayin ɗan wasa sai ya ƙudurta zai same shi a matsayin mai koyarwa.

A 1933 ya shiga Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence domin karanta ilimin motsa jiki. Dalilin zaɓen wannan jami'a shi ne wani dattijo da ke koyarwa a can, Dakta James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan ƙwallon kwando da kansa a watan Disamba 1891 a Springfield ta jihar Massachusetts. Naismith ya haura shekara 70 a lokacin, ya kuma karɓi saurayin hannu biyu. Jami'ar ce dai ba ta karɓe shi haka ba. Tana ɗaukar baƙaƙen fata karatu, amma ba ta sa su a ƙungiyarta ta ƙwallon kwando, kuma ba ta sa ko ɗaya ba sai a farkon shekarun 1950. Saboda haka McLendon ya koyi wasan daga bakin wanda ya ƙirƙire shi, a jami'ar da ta hana shi bugawa.

Akwai wani labari daga wannan zamani da McLendon ya riƙa bayarwa, wanda yake nuna halinsa tun yana saurayi. Ninƙaya tana cikin darussan da dole mai karanta ilimin motsa jiki ya ci, amma ba a barin baƙaƙen fata su shiga tafkin jami'ar. Sai dai a rubuta musu sun ci kawai. McLendon ya ƙi wannan alfarma, ya je ya faɗa ruwan. Aka kwashe ruwan tafkin aka zuba sabo. Hujjar hukuma ita ce ɗalibai fararen fata ba za su yarda ba, rigima za ta tashi. Sai ya bi ɗalibai ya tara sa hannun masu cewa ba su damu ba, ya kai wa Phog Allen, shahararren kocin jami'ar. Aka yi yarjejeniya: za a buɗe tafkin ga kowa na ɗan lokaci a gwada, idan aka samu hatsaniya a rufe. McLendon ya koma wurin 'yan'uwansa ɗalibai baƙaƙen fata ya roƙe su kada kowa ya je tafkin har wa'adin gwajin ya cika. Wa'adi ya cika ba a samu hatsaniya ko ɗaya ba, tunda babu wanda za a yi da shi. Hujja ta faɗi, tafki ya zauna a buɗe.

Ya kammala digirinsa a 1936, ya yi na biyu a Jami'ar Iowa a 1937, sannan ya nufi kudu, zuwa Durham, a matsayin mataimakin koci. A 1940 aka ba shi ragamar ƙungiyar yana ɗan shekara 25.

Daƙiƙa takwas

Domin a gane abin da McLendon ya kawo, sai an san yadda wasan yake kafin zuwansa. Har zuwa 1937, duk lokacin da aka jefa ƙwallo a kwando, sai a tsayar da wasa, kowa ya dawo tsakiyar fili, alƙali ya cilla ƙwallon sama a yi tsalle a kansa. Wannan ya sa wasan ya zama na tafiyar hawainiya. Ƙungiya takan taka a hankali, ta jera 'yan wasanta, ta yi ta miƙa ƙwallo har ta ga kafa. Ba abin mamaki ba ne a tashi wasa kowane ɓangare yana da maki talatin da 'yan kai. A 1937 aka soke wannan doka, aka ce wanda aka ci shi zai ɗauki ƙwallo daga bayan layi ya ci gaba nan take. Masu horarwa da yawa sun ci gaba da wasa kamar ba a canza komai ba. McLendon yana cikin 'yan ƙalilan da suka hango abin da sabuwar dokar ta halatta.

Ya ce asalin tunanin daga Naismith ya samo shi. Dattijon yana ganin an yi wasan ne domin a buga shi daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, kamar yadda yara suke yi idan aka ba su ƙwallo, duk inda ya nufa suna biye da shi. McLendon ya ɗauki wannan ya mayar da shi tsari mai ƙa'ida. Da zarar ƙwallo ya shigo hannun ƙungiyarsa, kowane ɗan wasa ya san layin da zai bi a guje, kuma burin shi ne a yi jifa cikin daƙiƙa takwas, kafin masu tsaron gida su koma su jeru. Idan kuma ƙwallo yana hannun abokan karawa, ba a ja da baya a jira su; ana matsa musu tun daga ƙarƙashin nasu kwandon. Wannan shi ne farmakin gaggawa da matsin fili gaba ɗaya, abubuwa biyu da duk mai kallon wasan a yau yake ɗauka tun asali haka suke. Ba shi kaɗai ya yi tunanin gudu da ƙwallo ba, amma yana cikin na farko da suka gina ƙungiya kacokan a kansa, ya kuma rubuta littafi a kan hanyar a 1965.

Irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai da huhu. Saboda haka 'yan wasansa sukan fara shirin kaka da gudun mil uku-uku, tun kafin su taɓa ƙwallo. Lissafinsa mai sauƙi ne: ko da abokan karawa sun fi tsayi ko ƙwarewa, idan aka tilasta musu gudu na minti 40, ƙafafunsu za su mutu kafin a tashi. Abin da ya faru da likitocin Duke ke nan. Ba su taɓa karo da ƙungiyar da ba ta tsayawa ta huta ba.

Abin sha'awa, mutumin da ya fi kowa gaggawa shi ne kuma ya tsara hanyar kashe lokaci. Idan ƙungiyarsa tana gaba, yakan baza 'yan wasa zuwa kusurwoyin fili, a bar mai riƙe da ƙwallo a tsakiya yana juya masu tsaro. Wannan tsari ne Dean Smith na Jami'ar Karolina ta Arewa ya shahara da shi daga baya da sunan kusurwa huɗu, har yawancin masu kallo suka ɗauka nasa ne. Smith ma tsohon ɗalibin Kansas ne, haka ma Adolph Rupp na Kentucky. Jami'a ɗaya ta yaye su ukun. Biyu sun buga mata wasa, sunayensu suka cika jaridun ƙasa. Na ukun kuwa sai mai karanta jaridun baƙaƙen fata ne ya san shi.

Waɗanda suka yi wasa a ƙarƙashinsa sun haɗu a kan siffa ɗaya: ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, kuma a duk tsawon aikinsa alƙalin wasa bai taɓa hukunta shi saboda rashin ɗa'a ba. Wannan hali ne nasa, amma kuma makami ne. Koci baƙar fata da ya yi wa alƙali farar fata tsawa a 1950 ya ba da hujjar da ake nema. McLendon bai taɓa bayar da ita ba.

Gina gida kafin a ƙwanƙwasa na wani

Ƙungiyar da ta lallasa likitocin Duke sau ɗaya tak aka ci ta a kakar 1944, amma babu gasar ƙasa da ta gayyace ta. Manyan gasanni biyu na lokacin, ta NCAA da ta NIT, ba sa kallon kwalejojin baƙaƙen fata. Ba za a ce ƙungiyar ta gaza ba, ba za a ce ta fi kowa ba, domin an hana ta ma'aunin da za a auna ta da shi. Wannan shi ne babban zaluncin wariya a fagen wasa, kuma shi McLendon ya shafe shekara goma sha yana yaƙa.

Matakin farko shi ne gina nasu. A 1946 shi da wasu masu horarwa uku suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka kama wani zaure a birnin Washington, suka fara gasar ƙarshen kaka ta ƙungiyar kwalejojin baƙaƙen fata da ake kira CIAA. Kwalejinsa ce ta ci ta farko. Gasar tana nan har yau, kuma tana cikin manyan tarukan shekara na baƙaƙen fatan Amurka. Daga wannan fage ne ƙwararrun ƙungiyoyi suka fara hango 'yan wasa. A 1950 ɗan wasansa Harold Hunter ya sa hannu a kwantiragi da Washington Capitols, yana cikin rukunin farko na baƙaƙen fata da suka yi haka a NBA. Sam Jones, wanda daga baya ya ci kofin NBA sau goma da Boston Celtics, a hannun McLendon ya fara wasan kwaleji.

Mataki na biyu shi ne takarda. A farkon shekarun 1950 McLendon da wasu shugabannin wasanni na kwalejojin baƙaƙen fata suka kafa kwamiti, suka riƙa rubuta wa hukumomin wasanni na ƙasa buƙatar a ba makarantunsu gurbi. Wadda ta fara amsawa ita ce NAIA, hukumar ƙananan kwalejoji, wadda take yin gasarta a Kansas City, gasar da Naismith da kansa yana cikin waɗanda suka assasa ta a 1937. Tun a 1948 ta bar ɗan wasa baƙar fata na farko, Clarence Walker na Indiana State, ya buga, a ƙarƙashin wani matashin koci mai suna John Wooden. A 1953 ta buɗe wa kwalejojin baƙaƙen fata gurbi guda, kuma Tennessee A&I ta birnin Nashville ce ta fara shiga ta wannan kafa.

McLendon ya bar Durham a 1952, ya yi shekara biyu a Hampton ta jihar Virginia, sannan a 1954 ya karɓi wannan ƙungiya ta Tennessee A&I. A shekarar ne Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya haramta wariya a makarantun gwamnati, a shari'ar da ta samo sunanta daga birnin Topeka na jiharsa ta haihuwa. A ƙarshen wannan shekara NAIA ta gayyaci ƙungiyarsa wata gasar buɗe kaka a Kansas City. A nan ne mutumin da ya yi shekaru yana neman a buɗe masa ƙofa ya yi abin da ba a zata ba: ya gindaya sharaɗi. Ya ce ba za su zo ba sai in 'yan wasansa za su kwana a otal ɗaya da sauran ƙungiyoyi a tsakiyar gari, maimakon a rarraba su gidajen unguwar baƙaƙen fata kamar yadda aka saba. Aka amince. Suka sauka a otal ɗin, suka kuma ci gasar.

A lura da lokacin da ya zaɓa. Bai kafa sharaɗi ba sai da ya tabbatar masu gasar suna buƙatar ƙungiyarsa kamar yadda take buƙatarsu. Da ya yi haka shekara biyar kafin nan, da an ce masa ya zauna a gida, kuma da babu wanda zai ji.

Kofi uku a jere

Gasar NAIA ba ta da tausayi. Ƙungiyoyi 32 ne suke taruwa a zaure ɗaya, wanda aka ci ya tafi gida, kuma mai son kofi sai ya ci wasa biyar cikin mako guda. Tsari ne da ya dace da ƙungiyar da ta saba gudun mil uku. Yayin da sauran suke jan ƙafa a kwana na huɗu, yaran McLendon suna nan kamar ranar farko.

A 1957 Tennessee A&I ta doke Southeastern Oklahoma a wasan ƙarshe, ta zama kwalejin baƙaƙen fata ta farko da ta ci gasar ƙwallon kwando ta ƙasa wadda fari da baƙi suke bugawa tare. A 1958 ta doke Western Illinois. A 1959 ta doke Pacific Lutheran. Kafin wannan babu kocin kwaleji da ya taɓa cin kofin ƙasa sau uku a jere, a kowane mataki. John Wooden bai yi nasa ukun a UCLA ba sai bayan shekara goma. Tauraron ƙungiyar, Dick Barnett, ya je ya ci kofin NBA sau biyu da New York Knicks, a 1970 da 1973.

Mai ƙorafi zai ce ai gasar ƙananan kwalejoji ce, ba ta kai ta NCAA ba. Gaskiya ne. Amma ƙorafin yana komawa kan mai yin sa, domin Tennessee A&I ba ita ta zaɓi inda za ta buga ba. Ta ci gasar da aka bar ta ta shiga har sau uku a jere. A waɗannan shekaru manyan jami'o'in arewa da yamma sun riga sun fara sa 'yan wasa baƙaƙen fata. Bill Russell ya ci wa Jami'ar San Francisco kofin NCAA a 1955 da 1956. Abin da tsarin bai shirya karɓa ba shi ne makarantar baƙaƙen fata da kocinta baƙar fata. Ana iya yarda da ƙafa da hannu. Kai ne ake ja a kansa. Sai a 1984 koci baƙar fata ya ci babban kofin NCAA, wato John Thompson na Georgetown, wanda ya doke Jami'ar Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas. Shekara 27 ke nan bayan kofin McLendon na farko.

Na farko, sau da yawa

A 1959 McLendon ya bar kwaleji ya karɓi Cleveland Pipers, ƙungiyar da ke buga gasar kamfanoni, mai 'yan wasa fari da baƙi. A 1961 ta ci gasar tata ta kuma ci kofin AAU na ƙasa. A shekarar ne ƙungiyar ta shiga sabuwar gasar ƙwararru ta ABL, McLendon ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiyar ƙwararru a irin wannan mataki a zamanin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shekara biyar kafin Boston Celtics ta ba Bill Russell irin wannan muƙami a NBA.

Zaman bai yi daɗi ba. Mai ƙungiyar wani matashin attajiri ne, George Steinbrenner, wanda daga baya ya mallaki New York Yankees ya kuma yi suna wajen korar masu horarwa. Yana tsoma baki a aikin koci, kuma albashin 'yan wasa ya riƙa makalewa. McLendon ya tsaya wa yaransa, da abin ya ƙi gyaruwa sai ya ajiye aikin a tsakiyar kaka, a farkon 1962. Bill Sharman ya gaje shi, ƙungiyar da McLendon ya gina ta je ta ci kofin ABL a ƙarshen kakar. Wani ya yi noma, wani ya kai amfani rumbu.

Ya koma kwaleji, ya horar da Kentucky State, sannan a 1966 Jami'ar Cleveland State ta ɗauke shi. Da haka ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar da akasarin ɗalibanta fararen fata ne. Jami'ar sabuwa ce, ba ta da kayan aiki ko suna da za su jawo manyan 'yan wasa, kuma sakamakonsa a can bai kusanci na baya ba. Yana cikin masu horar da tawagar Amurka ta gasar Olamfik a 1968 da 1972. A 1969 Denver Rockets ta gasar ABA ta ɗauke shi, ta kuma sallame shi bayan wasa 28, ya ci 9 an ci shi 19. Yana da shekara 54. Daga nan babu wata babbar jami'a ko ƙungiyar ƙwararru da ta sake ba shi ragama. Ya shafe shekarun da suka biyo baya yana yi wa kamfanin takalma na Converse aiki, yana zagaya ƙasashe yana koyar da wasan.

Ga abin da ya kamata a tsaya a duba. Kocin da ya ci sama da kashi 70 cikin ɗari na wasanninsa na kwaleji, mai kofin ƙasa uku, an ba shi wasa 28 kacal ya nuna kansa. Kalmar “na farko” tana da daɗin faɗa a wurin biki, amma sau da yawa ma'anarta ita ce an ba mutum aikin da ya fi kowane wuya, da kayan aiki mafi ƙaranci, da haƙuri mafi gajarta.

Abin da nasarar ta ci

Akwai wani ɗaci kuma da ya fi wannan. A 1966 Texas Western ta fito da baƙaƙen fata biyar a farkon wasa ta doke Kentucky ta Adolph Rupp, wadda duk 'yan wasanta farare ne, a wasan ƙarshe na NCAA. Cikin 'yan shekaru manyan jami'o'in kudu suka fara rububin 'yan wasan da a da ba sa ko kallo. Yaron da a 1955 ba shi da zaɓi sai Tennessee A&I ko Karolina ta Arewa ta baƙaƙen fata, a 1975 yana da tayin jami'o'i masu manyan zaure da talabijin. Ya tafi, kuma babu mai ganin laifinsa. Kwalejojin da suka reni wasan a lokacin da aka rufe ko'ina suka koma baya. An kwashi 'yan wasan, an kwashi salon wasan, aka bar masu horarwa da makarantun a inda suke. Abin da McLendon ya yi yaƙi dominsa ya tabbata, kuma tabbatarsa ce ta raunana gidan da ya fito.

Yadda aka karrama shi ma ya bi wannan sawu. A 1979 aka shigar da shi Zauren Gwarazan Ƙwallon Kwando na Naismith da ke Springfield, amma a rukunin masu ba da gudummawa, ba a rukunin masu horarwa ba. Wato an yarda ya taimaki wasan, ba a kai ga yarda cewa gwani ne a sana'arsa ba. Ya koma Cleveland State a 1991 a matsayin mai ba da shawara, yana kuma koyar da tarihin wasanni da rawar da tsiraru suka taka a ciki, darasin da shi kansa babi ne a cikinsa. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba 1999 yana da shekara 84. Sai a 2016, shekara 17 bayan rasuwarsa, aka sake shigar da shi zauren a matsayin koci. A 2019 aka shigar da ƙungiyarsa ta 1957 zuwa 1959 gaba ɗayanta, bayan Dick Barnett ya shafe shekaru yana fafutuka a kai. A 2024 ragowar 'yan wasan da suke raye, dattawa masu shekara tamanin da ɗoriya, suka samu gayyatar Fadar White House da ba a yi musu ba lokacin da suka ci kofunan.

Ana iya yi wa hanyar McLendon tambaya, kuma tambayar halal ce. Shin shirun da ya yi bai taimaka wajen binne shi ba? Wasan 1944 bai canza doka ko ɗaya a Durham ba, tunda babu wanda ya san an yi shi. Mutumin da ba ya ɗaga murya yana da sauƙin mantawa, kuma masu rubuta tarihi sun fi jin wanda ya yi ƙara. Sai dai a ɗaya hannun, duk ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba: tafkin Kansas, otal ɗin Kansas City, gurbin NAIA, kujerar koci a Cleveland. Dalili kuwa shi ne bai taɓa shiga da alfarma ba. Kafin ya ƙwanƙwasa ya riga ya tanadi amsar duk abin da za a ce, ta yadda mai son mayar da shi baya sai ya fito fili ya faɗi ainihin dalilinsa.

Duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai irinsa a ofis, ko a sashen jami'a, ko a taron ƙwararru a wata ƙasa, ya san wannan lissafi. Ya san cewa kuskurensa ba nasa ba ne shi kaɗai, za a ɗora wa duk wanda ya yi kama da shi, kuma ya san cewa aikinsa mai kyau yana iya fitowa da sunan wani. McLendon ya ɗauki kashi na farko na wannan nauyi ya sauke shi sarai. Kashi na biyu, wato tabbatar da cewa an rubuta abin da aka yi da sunan wanda ya yi shi, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai da wani masanin tarihi ya zauna da shi yana tsoho ya yi tambaya, sai da wani tsohon ɗan wasansa ya ƙi gajiya da ƙwanƙwasa ƙofofi, kafin a san abin da ya faru a Durham da Kansas City. Da McLendon ya rasu kafin 1996, da wataƙila maki 88 da 44 sun bi shi kabari.